Tagar da Surukina Ya Yanka

Ranar da Baba ya rasu ina tashar Kafanchan ina gardama da wata fasinja a kan buhun citta da ta rantse wai jakar hannunta ce. Waya ta yi ƙara. Matata ce, ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Baba ya tafi gida." Na miƙa hannu na kashe kiɗan mota. Ɗan kamashon tasha ya leƙo ta taga ya ce, "Mai Tsawa, batir ne?" Na girgiza kai. Ya dube ni, ya cire hula. Rabin garin nan ta haka suka san an yi rashi, domin ba a saba ganin motata a tsaye tana shiru ba.

Baba surukina ne, mahaifin matata. Kafinta ne, dattijo ne a ikilisiya, kuma shi ya laƙaba mini Mai Tsawa, ba don yabo ba. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa, waɗanda suka san shi a kan kujera da sanda da tabarau, su san wanda aka binne.

A wajenmu, idan Kirista ya mutu, ana so a ga fuskarsa kafin a sa shi a ƙasa. Baba ya yi kujeru, ya yi gadaje, ya yi ƙofofin da har yau ɓarayi ke zagi, amma abin da aka san shi da shi daga Godogodo har Kauru shi ne tagar gilashi da yake yi wa murfin akwatin gawa. Duk wanda ya zo gaisuwa da labarin tagar ya zo.

Wata tsohuwa daga Godogodo ta sauka daga kan babur tana kuka tun kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ta ce, "Da ya gama sa wa mijina gilashi, ya hura numfashi a kai, ya goge da rigarsa ta Lahadi. Ya ce kada in ga mijina da datti."

Matan zumunta suka cika tsakar gida da waƙa da kiɗan tulunsu. Alhaji mai gilashi, wanda kakanninsa ma a kasuwar garin nan suka yi ciniki, ya zauna a benci a ƙofar gida yana share ido da hannun riga. Ya ce mini, "Tun muna da baƙin gashi muke faɗa da mutumin nan. Duk gilashin da na kawo sai ya ƙwanƙwasa da farce ya ce takarda ce. Yanzu wa zai riƙa zagar mini kaya?" Can ya ƙara da cewa makarar masallacinsu, duk lokacin da ƙafarta ta saki, Baba ke gyarawa, kuma wanda ya sa hannu a aljihu sai ya sha harara.

Mama kuwa tana ɗaki a kan tabarma. A al'adarmu matar mamaci ba ta fita sai ranar jana'iza. A asibiti a Kaduna Baba ya cika, ita kuma gwiwoyinta ba su bar ta ta bi shi ba. Rabonta da shi tun ranar da ya shiga motata yana ce mata ta daina haɗa masa kaya kamar mai ƙaura, jibi zai dawo.

Aka kawo gawar aka ajiye a mutuware a nan garin, aka yi ta jiran autarsa da ke aiki a nesa. Jiran ya yi tsawo, wutar lantarki kuma kun san halinta. Ma'aikatan wurin suka ja Yaya, babban ɗan Baba, gefe guda suka ce masa idan an rufe akwati a bar shi a rufe, kada a buɗe a cikin jama'a. Yaya ya riga ya sayo akwati daga Kaduna, mai ƙyalli, mai hannayen ƙarfe, irin wanda in ka gani sai ka ji kamar ka gwada kwanciya. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa don mahaifinsa. Abu ɗaya ne baƙin ciki ya hana shi lura: murfin ba shi da taga.

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe jana'iza, aka sauke akwatin ba kowa a ciki a tsohon shagon Baba. Labari ya kai wa Mama. Ta sa aka kira mu, ni da Yaya da matata. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Mutumin da ya yi wa kowa taga, shi za ku rufe kamar buhun masara? Ni ban gan shi ba. Ba za a sa shi a rami ban gan shi ba."

Kafin in faɗa muku yadda aka yi, sai kun san yadda muka zauna da shi.

Baba bai so ni ba da farko, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da na je gaishe shi ina neman 'yarsa, ya tambaye ni sana'ata. Na ce direba. Ya ce, "Na sani. Tun kana Kagoro kaji suka sanar da ni." Ya ba ni ita dai, amma shekaru aka yi gaisuwarmu ba ta wuce "Ina gajiya" da "Babu". Idan na ba da labari a gidansa kowa ya faɗi ƙasa da dariya, shi sai ya gyara tabarau ya ce, "To, yanzu a raba labarin biyu a ba mu rabin da ya faru."

Mutum ne mai tsari har a inda ba a buƙatar tsari. Fensir a bayan kunne ko a majami'a. Idan ya zauna a bencin da wani kafinta ya yi, sai ka ga hannunsa yana shafa ƙarƙashi ana tsakiyar wa'azi, domin a nan, in ji shi, ake sanin ko mutum yana tsoron Allah. Ba ya cin tuwon acca sai ya yanka shi daidai da gefen cokali. Idan yaro ya ce masa "ya kusa daidai," sai ya ce, "Kusa da gida ma waje ne, je ka sake awo."

Faɗanmu na farko a ƙofar majami'a aka yi. Wata Lahadi na tsaya ɗaukar fasinja a bakin hanya, kiɗa na tashi, dattawa kuma suna addu'a a ciki. Baba ya fito a hankali, ya sa hannu ta taga, ya zare makullin, ya sa a aljihun kwat, ya koma. Ni da fasinjojina kaf muka bi shi ciki. Ban da wani Bafulatani da ke sauri zuwa Kachia, shi ya zauna a inuwar mangwaro yana jira. Ranar kuwa fasto ya ga sababbin fuskoki, ya ɗauko wa'azi tun daga Adamu. Da aka tashi Baba ya miƙo mini makullin ya ce, "Ka ga, mota ba ta mutu ba don ta yi shiru."

Sai maganar wufa. Wufa ita ce babbar sifikar nan mai ƙugi da ake sa wa a akwati a bayan mota, wadda ke sa haƙoran fasinja su riƙa gaisawa da juna. Wata rana a Kaduna na ga ta wani saurayi, gaban akwatin gilashi ne, ana hango sifikar a ciki tana rawa, ga 'yar fitila shuɗiya. Na dawo gida abinci ya ƙi shiga. Matata ta ɗauka zazzaɓi ne. Ta tafi kasuwa, ni kuma idona ya faɗa kan shogilas ɗinta, kabad ɗin da take jera tangaran ɗin aurenta. Gilashin ƙofarsa kamar don akwatina aka yanka.

Na cire, na yanke gaban akwatin, na manna da gam, na tare da ƙananan ƙusoshi. Na kai tasha, na tara jama'a, na murɗa. Kiɗan bai kai inda mawaƙin ke buɗe baki ba gilashin ya tarwatse. Mai shayi ya ce sati guda yana tsintar ɓaraguzai a sukari. Mai tsire ya ce shi ma an yi masa ƙorafi, duk da yana can ƙetaren titi.

Da na koma gida na tarar da shogilas baki buɗe, matata kuma ta tafi gidansu da kayanta.

Washegari Baba ya aiko a kira ni. Na je ina haddace ban haƙuri. Yana zaune a shago, matata na tsaye a bayansa ta harɗe hannu. Ya sa na faɗi abin da ya faru daga farko, ba tare da ƙari ba, abin da ya fi mini komai wuya. Da na gama ya gyara tabarau. Na ce a raina yau aurena ya ƙare.

Ya ce, "A kan me ka zaunar da gilashin?"

Na ce, "Baba?"

"Gilashin. A kan me ya zauna?"

"A kan katako, Baba. Da gam."

"Katako tsirara? Da ƙusa?" Ya cire tabarau. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, har ranar makullin. "A garin nan, kana auren 'yata, ka buga wa gilashi ƙusa?"

Matata ta ce, "Baba, maganar shogilas ɗina fa?"

Ya ce, "Naki mai sauƙi ne, gobe zan gyara. Koma ɗakinki. Wannan ne babban laifin." Ya juyo gare ni. "Je ka kawo akwatin."

Haka na yi kwanaki ina zuwa shagonsa bayan na sauke fasinjan rana. Akwatin da na kawo ya dube shi sau ɗaya ya ba Mama ta hura wuta. Ya yi sabo da katako mai kauri, ya raba cikinsa gida biyu, sifika a bangon tsakiya, ya fitar da bututu a gefe. Ya ce iska ta nan kaɗai aka yarda ta fita. In ta sami wata kafa ko ta allura ce, ƙugin zai koma tusa.

Na ce, "Baba, ina kuka san wannan? Ku da ba ku son kiɗa?"

Ya ce, "Akwati akwati ne. Nawa ma iska ba ta fita. Bambancin kawai masu shiga nawa ba su da surutu."

Gilashin taga ya ce kada in ƙara ambatonsa. Muka je wurin Alhaji, suka yi faɗansu na kullum, Alhaji ya shiga can ƙuryar shago ya jawo wani falle na gilashin roba mai kaurin babban yatsa, wanda aka ciro daga kantar wani ofis da aka rushe. Baba ya ƙwanƙwasa da farce, ya ƙwanƙwasa kuma. Ya ce, "Ba laifi." Alhaji ya ce a rubuta ranar a bango, Dattijo ya yabi kayansa.

Da za a yanka, Baba ya ɗauko wani tsohon allon awo daga kan ƙusa ya ɗora a kai ya zana da fensir. Na gane allon.

Na ce, "Baba, wannan ai awon tagar akwatin gawa ne."

Ya ce, "Shi hannuna ya sani. Fuskar mutum na shiga, ta sifikarka ce za ta ƙi?"

Na ce ina tsoron fasinja su gane. Ya ce fasinjan da ya yarda ya shiga motata ya riga ya shirya.

Ya manna takarda a fuska biyu na gilashin don kada ya karce, ya ce ba za a ɓare ba sai an gama komai. Ya yanka da zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, yana ɗiga ruwa, domin in roba ta yi zafi narkewa take ta kama zarto. Ni aikina riƙewa. Ya sassaƙa wa katakon gurbi a kewaye, yadda gilashin zai zauna a ciki ya yi daidai da fuskar akwati. Ya yanko robar tsohon tiyub na babur ya shimfiɗa a gurbin. Wajen huda ramukan sukuru ya sa katako a ƙarƙashi, ya hana ni danna injin, kuma kowane rami ya fi sukurunsa faɗi kaɗan. Ya ce roba tana miƙewa da zafi, in ka matse ta za ta tsage maka a ranar da ka fi son ta. Gefunan ya goge da samfefa a jiƙe, ya bi da man goge baki, har suka yi haske kamar ruwan rijiya.

Na ɗauka an gama. Sai ya miƙo mini buroshi da farin fenti ya ce in shafe cikin akwatin, in kuma ɗaure wayoyin nan da suka yi kamar taliya.

Na ce, "Baba, ciki ne fa."

Ya ce, "Kai ka ce kana son taga. Wanda ya sa taga ya gayyaci ido."

Wajen ɗaure sukurun ya ce in yi kamar notin taya, wannan kusurwa sannan ta ƙetare, kaɗan-kaɗan, har robar ta kwanta ko'ina daidai. A nan ne gilashin ya so ya zame, ya ce, "Riƙe nan, ɗana." Na ji da kunnena. Har ya koma ga Ubangiji yana musu, wai tari ne ya sarƙe shi. Mama ce shaidata, tana bakin ƙofa tana tsince acca.

Ranar gwaji ya ce ba za a sa waƙoƙina na 'yan tasha a ƙofar shagon dattijon ikilisiya ba. Ya aika aka karɓo waƙar matan zumunta, irin wadda ake buga babban tulu a ciki. Ya fizgi gashin kaza guda, ya ce in kunna. Tulun ya buga. Baba ya bi gefen gilashin da gashin kazar, kusurwa zuwa kusurwa, gashin bai motsa ba. Ya ce na gawa da hayaƙin maganin sauro yake gwadawa, wannan kuwa da kanta take ba da iska. Sannan ya ɓare takardar, ya durƙusa ya leƙa. Sifikar tana fitowa tana komawa tare da tulun, kamar ƙirjin wanda ya hau dutse. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Baba na dariya. Ya ƙwala wa Mama kira ya ce, "Zo ki ga tulunku yana numfashi."

Daga ranar nan aka sami sauyi. Bai daina raba labarina biyu ba, amma ya fara tambayar ɗaya rabin. In zai je ɗaurin aure ko jana'iza a ƙauye, motata yake jira ko da wasu sun tsaya masa. Kafin ya shiga sai an buɗe masa baya ya duba gilashinsa, in ya ga tabon yatsa ya goge da hankici yana tsaki. Gilashin nan ya sha hanyar Kachia a damina da rani, ya sha buhun citta da akuya da ƙafar fasinja, bai taɓa ko tsagewa ba. Ranar da na kai shi asibiti Kaduna na kashe kiɗa don girmamawa. Muna wuce Kachia ya buɗe ido ya ce, "Sa mini tulun nan. Ƙara kaɗan. Ina so in ji shi a bayana."

To, mu koma ɗakin Mama ranar Juma'a.

Yaya ya ce a je kasuwa a yanko gilashi. Alhaji da aka kira ya girgiza kai. Ya ce abin da ke shagonsa yanzu duk siriri ne, kuma a ƙauyen su Baba wajen Kauru za a binne shi, hanyar da ko tukunyar ƙarfe sai ta yi addu'a. Ya ce, "In na ba ku ya fashe a kan fuskarsa, ina zan sa kaina? Mai kauri sai Kaduna, sai an yi oda."

Ni dai ban yi wani dogon tunani ba. Na ce, "Akwai gilashi a motata. Shi ya yanka, da awonsa."

Yaya ya dube ni kamar na ce a binne Baba da ganga.

Ya ce, "Suruki, yau ba ranar wasa ba ce. Kai za ka sa zarto a akwatin mahaifina? Kai da ka fasa shogilas?"

Na ce, "Yaya, bayan shogilas ɗin an kai ni makaranta."

"In ka ɓata murfin fa? Gobe da safe ne. Babu wani akwatin."

Gaskiyarsa ce. Matata ta buɗe baki, Mama ta ɗaga mata hannu.

Ta ce wa Yaya, "Babanka ya taɓa barin ka riƙe masa gilashi?"

Ya ce, "A'a, Mama. Ya ce hannuna na biro ne."

"Wannan ya riƙe masa. Ku je."

Na buɗe bayan mota na kwance sukurun nan ɗaya bayan ɗaya. Shago an daɗe da rufewa tun da idon Baba ya raunana, amma allon awon na nan a kan ƙusarsa. Muka ciro murfin muka ɗora a kan teburin aiki. Matata ta farke farin yadin da ke ciki ta naɗe shi gefe. Na ɗora allon na zana. Da na ɗauki zarto, Yaya ya juya baya ya fuskanci bango. Da ya ji haƙoran sun kama katako ya kasa jurewa, ya juyo ya dafe murfin da hannu biyu, ya ce, "A hankali, don Allah."

Na ce, "Yaya, yau ko kunkuru sai ya wuce ni."

Gurbin ne ya fi ba ni wuya, domin katakon Kaduna ƙyalli ne a waje, ciki kamar burodi. Sau ɗaya ƙarfen sassaƙa ya zame ya ɓantare gefe. Na tsayar da aiki. Alhaji ya duba ya ce gilashin zai rufe wurin, in ci gaba. Shi ya yanko sabuwar robar tiyub da almakashinsa, shi ya zauna ya goge gilashin da man goge baki har tsofaffin karce suka ɓace. Na shafe gefen da na yanka da fenti, domin na san wanda zai kwanta a ƙarƙashi. Sukuru, wannan kusurwa sannan ta ƙetare. Muka mayar da murfin, muka kunna maganin sauro a faranti muka sa a ciki muka rufe. Mu huɗu muka sunkuya muna zagaya tagar da hanci kamar karnukan farauta. Hayaƙi ya taru a bayan gilashi, ko zare bai fito ba.

Yaya ya zauna a ƙasa a cikin garin katako, da farar shaddarsa, ya rufe fuska. Tun da aka yi rasuwar sai a lokacin ya yi kuka.

Asabar da safe aka kawo Baba gida. Aka ɗora akwatin a kan tebur a tsakar gida, matan zumunta suka rage murya. Matata da autar suka riƙo Mama daga ɗaki, tana jan ƙafa. Mutane suka buɗe mata hanya. Ni ina can baya kusa da Alhaji, ina roƙon Allah kada a ga inda na ɓantare.

Ta dafa murfin ta sunkuya. Fuskarsa ta yi duhu kaɗan, ya kuma rame, amma shi ne, har da 'yar tamkewar goshin nan ta mai shirin gyara wa wani aiki. Numfashinta ya rufe gilashin, ta goge da bakin zane, ta sake leƙawa. Ta daɗe. Ta yi masa magana da yarenmu ƙasa-ƙasa, abin da ba na kowa ba ne, ba kuma zan rubuta ba. Sannan ta juya harshe yadda duk za mu ji.

Ta ce, "Dattijo, wannan ce jibin taka?"

Wasu suka yi dariya cikin hawaye, wasu suka fashe da kuka. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara ɗankwali, ta dubi fasto.

Ta ce, "Na gan shi. Ku ɗauka."

Baba, na gode. Na gode da 'yarka, na gode da makullin da ka zare, na gode da kwanakin da ka bar ni na riƙe. Ubangiji ya karɓe ka cikin hutunsa, ya riƙe mana Mama, ya ba mu da muka rage ƙarfin zuciya. Jikoki, wannan labarin ban ƙara masa ko gishiri ba. In kun ga kamar na ƙara, ku tambayi kakarku.